Hukumomin rajistar ƙirƙira: masu ƙirƙira suke haifarwa ko takarda kawai suke sayarwa?

Makerin_Zamani:
Assalamu alaikum 'yan zaure. Akwai abin da ya daɗe yana min yawo a ka. Kusan kowace ƙasa tana da hukumar da ke ba da takardar haƙƙin ƙirƙira. Idan ka ƙirƙiro wata na'ura ko wata hanyar yin abu da ba a taɓa gani ba, sai a yi maka rajista, a hana kowa ƙera ta ko sayar da ita sai da yardarka, har tsawon shekara 20. Kullum hukumomin nan cewa suke yi aikinsu ƙarfafa gwiwar masu ƙirƙira ne. Ni kuwa ban gane ba. Mutum ya riga ya sha wahalarsa shi kaɗai, ya hana idonsa barci, abu ya kammala, sannan ya ɗauki ƙafa ya je ya biya su kuɗi su ba shi takarda. Ina ƙarfafa gwiwar take a nan? Masu sani ku warware mana.

Sarkin_Shakka:
Wa alaikumus salam. Kai ma dai ka faɗa. Kuma ba biya ɗaya ba ne. A Amurka bayan an ba ka takardar sai ka sake biya a shekara uku da rabi, da bakwai da rabi, da sha ɗaya da rabi. A Turai kowace shekara ne. Ka yi sake, takarda ta mutu. Kasuwanci ne kawai aka sa masa rigar gwamnati.

Barista_H:
Malam Makeri, tambayarka tana da kyau, sai dai ka fara kallon abin daga ƙarshe. Ciniki ne tsakanin mai ƙirƙira da jama'a, hukumar dillali ce kawai. Jama'a na ce maka: faɗa mana sirrin abin nan dalla-dalla, yadda duk wanda ya san sana'ar zai iya karantawa ya ƙera irinsa. Mu kuma za mu tsare maka kasuwa na ɗan lokaci. Idan wa'adin ya cika, abin ya zama na kowa.

Ka tuna abin da ake yi idan babu wannan cinikin. Mai fasaha ɓoyewa yake yi, ya koya wa ɗansa kaɗai, wani lokaci ma ya mutu da abinsa a ciki. Birnin Banis na Italiya ya kafa doka tun 1474 yana ba da kariyar shekara 10, don ya jawo gwanayen sana'a su zo su buɗe abin da suka sani. Ingila ta yi tata a 1624 da shekara 14. Amurka ta sa batun a cikin tsarin mulkinta, ta ba da takarda ta farko a ranar 31 ga Yuli 1790 ga wani Samuel Hopkins, kuma George Washington da kansa ya sa hannu.

Saboda haka ƙarfafa gwiwar ba ranar karɓar takarda take zuwa ba. Tun ranar da mutum ya zauna yana lissafin ko ya zuba shekara uku da dukiyarsa a kan wani tunani, sanin cewa ba za a kwafe masa washegari ba shi ne yake sa shi farawa.

Dan_Bincike:
Na goyi bayan Barista. Abraham Lincoln, wanda shi kaɗai ne shugaban Amurka da ya taɓa samun irin wannan takarda, a 1849, kan wata dabarar ɗaga jirgin ruwa idan ya kafe a yashi, ya taɓa cewa tsarin yana zuba wa wutar basira man son riba ne. Ba shi ke kunna wutar ba, rura ta yake yi.

Uwar_Biyu:
Ku yi haƙuri da ni, ni baƙuwa ce a harkar. Wannan shi ne abin da marubuta da mawaƙa ke yi don kada a saci aikinsu?

Barista_H:
A'a 'yar'uwa, dangi ne amma ba ɗaya ba. Haƙƙin marubuci yana samuwa da zarar ya rubuta, ba sai ya nema ba, kuma yana wuce rayuwarsa da shekaru masu yawa. Tambarin kasuwanci kuma suna ko alama yake karewa. Wanda muke magana a kai sai an nema, kuma a ƙasashen da ke tantancewa sai abin ya cika sharuɗɗa uku: ya zama sabo fil, kada ya zama abin da duk mai sana'ar zai hango da kansa ba tare da wahala ba, kuma ya zama mai aiki a zahiri, ba tunani tsura ba.

Injiniya_Mai_Famfo:
Bari in ba ku abin da ya faru da ni, don ni a ganina duk kuna kallon takardar ne, alhali babbar kyautar hukumomin nan tana wani wurin.

Na shafe kusan wata takwas ina fama da wata 'yar na'ura da za ta riƙa kashe injin ruwa da kanta idan tanki ya cika. Tana aiki, amma da ruwa ya kusa kai baki sai ta kama kaɗawa, ta kashe ta kunna, ta kashe ta kunna, har na ƙona makunni biyu. A raina kuwa na riga na gama zama attajiri, ko matata ban yarda ta ɗauki hotonta ba. Wani abokina ya ce kafin in kashe ko sisi wajen rajista in shiga Espacenet in duba, wato rumbun da ofishin rajistar ƙirƙira na Turai ya buɗe a intanet tun 1998, kyauta, da takardu sama da miliyan 100 daga ƙasashe daban-daban.

Dare ɗaya na yi a ciki. Wajen ƙarfe biyu na ci karo da wata takarda da ta girme ni. Zanen hannu ne baƙi da fari, kowane ɓangare da lambarsa da ɗan layi yana nuna shi. Kusan na'urata ce sak. Gabana ya faɗi, na kashe kwamfutar na kwanta. Da safe da zuciya ta huce na koma na karanta bayanin a tsanake, sai ga shi mutumin ya yi fama da kaɗawar nan tawa, ya kuma rubuta maganinta: ya bar 'yar tazara tsakanin inda na'urar ke kashewa da inda take sake kunnawa, ta hanyar wani ɗan zobe mai zamewa a jikin sandar. Layi huɗu kacal. Abin da ya hana ni barci wata takwas. Wa'adin takardar ya daɗe da ƙarewa, don haka halal ɗina ne in yi amfani da shi, na kuwa yi.

Ban samu takarda ba, Malam Makeri, amma hukumar ta taimake ni fiye da yadda takardar za ta yi.

Makerin_Zamani:
Ikon Allah. Injiniya, wannan rumbun kowa na iya shiga, ko sai mai rajista?

Injiniya_Mai_Famfo:
Kowa. Ko suna ba sa tambaya. Akwai kuma PATENTSCOPE na WIPO, hukumar kare haƙƙin fasaha ta Majalisar Ɗinkin Duniya da ke Janiba, da Google Patents. A yawancin ƙasashe wata 18 bayan mutum ya shigar da buƙatarsa ake wallafa ta, ko an ba shi takardar ko ba a ba shi ba. Wahalar kawai harshen lauyoyi da ake rubuta su da shi. Ka fara da zane, sannan ka koma bayani.

Sarkin_Shakka:
Labarin Injiniya ya yi daɗi, amma ku amsa min wannan. Holan ta soke dokar gaba ɗaya a 1869, ba ta dawo da ita ba sai 1912. A cikin wannan tsakanin ne aka kafa Philips, a 1891, yana ƙera ƙwan lantarki ba ya biyan kowa ko kwabo. Suwizalan ma ba ta kare hanyoyin haɗa sinadarai ba sai 1907, kuma a lokacin ne masana'antun sinadarai na Basel suka yi ƙarfi. Wato ƙasashen da yau ke wa'azin a mutunta haƙƙin ƙirƙira, da kwafe suka tashi. Da suka hau sama sai suka janye tsani.

Dan_Bincike:
Gaskiya ne, ba a musu. Har ma in ƙara maka: majalisar Ingila ta tsawaita wa James Watt takardarsa ta injin tururi har zuwa 1800, kuma masana tarihi na ta jayayya har yau kan ko hakan ya daƙile waɗanda ke son inganta injin. 'Yan'uwan nan biyu na gidan Wright, masu ƙirƙirar jirgin sama, su ma sun ɓata shekaru a kotu da wani maƙerin jirgi, Glenn Curtiss, sai da yaƙin duniya ya matsa a 1917 aka sa masu ƙera jiragen sama suka haɗa takardunsu wuri guda.

Amma ka duba ɗaya gefen. Sakichi Toyoda na Japan ya samu takardarsa ta farko a 1891 kan masaƙar katako. A 1929 aka sayar wa kamfanin Platt Brothers na Ingila haƙƙin masaƙarsa mai sarrafa kanta a kan fam 100,000. Daga wannan gidan masaƙa ne Toyota ta fito. Da babu takarda, me zai sayar? Da sun sayi masaƙa ɗaya sun kwance ta sun kwafa, shi ke nan.

Tsohon_Malami:
Ni ɓangaren da ya fi jan hankalina shi ne na yara, wataƙila don aikina ke nan shekara da shekaru. Japan tana da Ranar Ƙirƙira, 18 ga Afrilu, don tunawa da dokarta ta 1885. Koriya ta Kudu tana yin tata 19 ga Mayu, tana danganta ta da ma'aunin ruwan sama da aka ƙirƙiro a can a 1441. Ranar haƙƙin fasaha ta duniya baki ɗaya kuma 26 ga Afrilu ce. A Amurka akwai gidan tarihin fitattun masu ƙirƙira a cikin hedikwatar hukumar a Alexandria ta jihar Bajiniya, kuma masu gidan tarihin suna shirya wa 'yan firamare sansanin hutu inda ake ba yaro tsohuwar na'ura da sukudireba a ce ya kwance ya ga cikinta. Ofishin Turai yana ba da lambar yabo tun 2006, a 2022 ya ƙara ta matasa.

Ba na raina bikin ranaku, amma na halarci irinsu da yawa: jawabi, hoto, a watse. Sukudireban nan ya fi min jawabi goma. Yaron da aka daka wa tsawa don ya kwance rediyo, da wuya ya girma ya ƙirƙiro komai.

Dalibar_Kimiyya:
Allah ya saka da alheri Baba Malam. Ni abin da ya burge ni, Einstein ma'aikacin irin wannan ofishi ne a birnin Bern daga 1902 zuwa 1909, yana tantance buƙatun mutane. A cikin wannan aikin ya fitar da manyan maƙalunsa na 1905.

Sarkin_Shakka:
To ai kin ga, shi bai yi rajistar ka'idarsa ba.

Barista_H:
Ba zai ma iya ba. Ba a yi wa dokar halitta ko ka'idar lissafi rajista. Amma ya samu takarda kan wani firiji da suka ƙirƙira tare da Leo Szilard, a 1930.

Maman_Ilham:
Ni ƙorafina a kan wayar da kai ne. Ƙanena ya haɗa wani abin riƙe waya a jikin babur wanda ba ya bari girgiza ta lalata kyamara. Murna ta ɗebe shi ya yi bidiyo ya sa a Facebook da YouTube, ya nuna ciki da waje, har da yadda ya lanƙwasa ƙarfen. Mutane suka yi ta yabo. Sai bayan fiye da shekara wani ya ba shi shawarar rajista. Lauyan da ya gani tambayar farko da ya yi masa ita ce: ka taɓa nuna wa jama'a? Da ya buɗe masa bidiyon, lauyan ya girgiza kai kawai ya ce ai kai da kanka ka kashe sabuntarsa. Ihu bayan hari.

Kafin wannan ma wani kamfani ya tuntuɓe shi ta intanet wai za su kai abin gaban manyan masana'antu, ya biya kuɗin "nazarin kasuwa". Suka turo masa wani kundi mai sheƙi wanda da ka cire sunansa za ka iya sa na kowa. Daga nan ɗif.

Tambayata, in da gaske hukumomin nan suna hulɗa da jama'a, me ya sa wannan ƙa'ida guda ɗaya, kada ka nuna kafin ka shigar, ba ta kai kunnen yaron da ke aiki da hannunsa ba?

Barista_H:
Allah ya mayar masa da alheri, Hajiya. Wannan shi ne kuskuren da ya fi kowane yawa. Amurka tana ɗaga ƙafa na shekara ɗaya bayan mai ƙirƙira ya bayyana abinsa, Turai kuwa kusan babu ɗaga ƙafa sam. Ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba. A shigar tukuna, sannan a yi bidiyo.

Game da taimako, akwai shi, sai dai bai isa ko'ina ba. Hukumar Amurka tana rage wa ƙananan masu nema kashi 60 cikin 100 na yawancin kuɗaɗenta, mafi ƙanƙanta kuma kashi 80. Tana da shirin haɗa marasa ƙarfi da lauyoyin sa kai, tana da buƙatar wucin gadi mai sauƙin kuɗi da ke riƙe wa mutum layi wata 12, kuma tun 1871 take raba kwafin takardu ga ɗakunan karatu. WIPO ta fara kafa cibiyoyin tallafa wa masu ƙirƙira a jami'o'i da cibiyoyin bincike na ƙasashe masu tasowa tun 2009, inda ake koya wa mutane irin binciken da Injiniya ya yi.

Maman_Ilham:
Na gode Barista. Amma kin ga duk waɗannan sai wanda ya riga ya san da su yake zuwa. Makeri ba ya shiga ɗakin karatun jami'a.

Gaskiya_Daci:
Ku bar batun babur, ku zo kan magani, a nan ne ake mutuwa. Kamfanonin magunguna 39 suka maka gwamnatin Afirka ta Kudu a kotu saboda dokar da za ta sauƙaƙa samun magani mai araha, ana tsakiyar annobar ƙanjamau. Sai da duniya ta yi musu ca suka janye a 2001. A shekarar ne aka yi sanarwar Doha da ta tabbatar cewa ƙasa na iya ba da izinin dole a ƙera magani saboda lafiyar jama'a. Indiya ma kotun ƙolinta ta hana Novartis takarda kan maganin sankara na Glivec a 2013, ta ce sauya wa tsohon magani siffa bai isa ba sai an nuna ya fi warkarwa. Su kuwa waɗanda suka gano insulin, dala ɗai-ɗai suka karɓa suka miƙa wa Jami'ar Toronto haƙƙin a 1923. Volvo ta bar wa kowa bel ɗin mota mai maɗauri uku da Nils Bohlin ya ƙirƙira a 1959. Wa ya ƙarfafa musu gwiwa?

Dan_Bincike:
Malam Gaskiya, lura da wani abu: masu insulin sai da suka yi rajistar tukuna, don kada wani ya riga su ya toshe hanya. Ba ka kyauta da abin da ba naka ba.

Mai_Kula_Da_Zaure:
Jama'a, batun farashin magani babba ne, a buɗe masa nasa zaren. Tambayar Malam Makeri kan hukumomin ce da yadda suke tafiya da jama'a.

Dalibar_Kimiyya:
To ga wanda ya shafi hukumomin kai tsaye. A 1995 Amurka ta ba wasu masu bincike biyu takarda kan amfani da kurkum wajen warkar da rauni, abin da Indiyawa suka gada kaka da kakanni. Hukumar binciken kimiyya ta Indiya ta kawo tsofaffin rubuce-rubuce, aka soke takardar a 1997. Haka aka yi da wata takarda kan maganin fumfuna daga darbejiya a ofishin Turai, aka soke ta a 2000, aka tabbatar da sukewar a 2005. Mai tantancewa abin da ke rubuce a gabansa kawai yake gani. Shi ya sa Indiya ta kafa rumbun ilimin gargajiya a 2001 ta ba manyan ofisoshi damar dubawa. A watan Mayun 2024 kuma ƙasashen WIPO suka amince da yarjejeniyar da ke neman mai buƙata ya bayyana inda ya samo tsiro ko ilimin gargajiyar da ya dogara da shi.

Abin da nake nufi, hulɗa da jama'a ba koyar da su cika fom kaɗai ba ce. Akwai ƙofar da jama'a ke gyara wa hukuma kuskure. A Turai kowa na iya ƙalubalantar takarda cikin wata 9 da bayar da ita.

Sarkin_Shakka:
Tunda an zo kan kuskure, bari in ba ku dariya. A 2001 Ostireliya ta fito da wata ƙaramar takarda mai sauƙin samu, ba a tantancewa kafin a bayar, wai don a taimaki ƙananan masu ƙirƙira. Wani lauya, John Keogh, ya shigar da buƙata kan "na'ura mai siffar da'ira mai sauƙaƙa sufuri". Taya ke nan. Suka ba shi! Ya yi ne don ya nuna musu ramin da ke cikin tsarin. A 2021 suka daina karɓar sababbin buƙatu irin wannan.

Injiniya_Mai_Famfo:
Wallahi na yi dariya har da tari. Amma darasin ya wuce dariya. Sin ma ta daɗe tana biyan mutane tallafi kan kowace buƙata da suka shigar. Yanzu kusan rabin buƙatun duniya, waɗanda suka haura miliyan 3 a shekara, a ofishinta ake shigar da su. Sai dai hukumar da kanta ta ga tarkace sun yi yawa, a 2021 ta ba da umarnin a daina biyan tallafi don shigarwa kawai. In ka ce za ka biya kan yawan takarda, takarda za a kawo maka.

Uwar_Biyu:
Tambaya ta ƙarshe daga gare ni. Idan mutum ya yi rajista a ƙasa ɗaya, ta kare shi a duk duniya?

Barista_H:
Ko kaɗan. Babu takardar duniya, duk wanda ya ce zai samo miki ita ki riƙe jakarki da kyau. Kowace takarda iyakarta ƙasa ko yankin da aka bayar da ita. Abin da ake da shi sauƙin hanya ne. Yarjejeniyar Faris ta 1883 ta ba ki wata 12 ki shigar a wasu ƙasashe da ranar farkonki. Yarjejeniyar haɗin gwiwa kan rajistar ƙirƙira (PCT) ta 1970 ta ba ki damar shigar da buƙata ɗaya, ki samu kimanin wata 30 kafin ki zaɓi ƙasashen da za ki bi ɗaya bayan ɗaya. Akwai kuma ofisoshin yanki: na Turai a Munich, da biyu na Afirka, ARIPO a Harare da OAPI a Yawunde, wadda takardarta guda ke aiki a ƙasashe 17.

Kuma ko kin samu, hukumar ba 'yar sanda ba ce. In aka kwafe miki, ke za ki kai ƙara da kuɗinki.

Sarkin_Shakka:
Kun ji ko? Mun dawo inda muka fara. Takardar izinin shiga kotu ce, ga mai kuɗin lauya.

Makerin_Zamani:
Na karanta duka, Allah ya saka wa kowa. Har yanzu ina tare da Sarkin Shakka rabi, musamman da na ji labarin ƙanen Maman Ilham. Amma daren jiya na shiga rumbun da Injiniya ya faɗa, na rubuta sunan wani makullin ƙofa da nake ta juyawa a raina, sai ga sakamako ya fi dubu. Na rasa ta inda zan fara. Injiniya, yaya ake tace su?

Injiniya_Mai_Famfo:
Kada ka bi ta suna, kowane lauya da irin sunan da yake laƙaba wa abu. Nemi guda ɗaya da ta fi kama da naka, ka duba shafin farko, za ka ga wasu haruffa da lambobi na rukuni. Makullai suna ƙarƙashin E05B. Bincika da wannan lambar, ka haɗa da kalma ɗaya ko biyu, sannan ka bi jerin tsofaffin takardun da aka ambata a cikinta. Kuma don Allah kada ka turo mana hoton makullin a zauren nan tukuna.